Godiya ga ma'aikatan Verdant Works na Dundee

Salamu alaikum jama'a. Godiya ce na zo in yi wa ma'aikatan gidan tarihi na Verdant Works, tsohuwar masaƙar algarara da ke Dundee a Sikotland, da hukumar Dundee Heritage Trust da ke riƙe da wajen.

Ni fa gaskiya ba tarihi ya kai ni ba, ruwan sama ne ya koro ni na shiga fakewa. Ina sa ƙafa sai warin algarara ya bugi hancina, wallahi nan take na tuna sitoron kakana a Kano, shi dillalin gyaɗa ne, da irin buhunan nan aka yi dalar gyaɗa amma ban taɓa tambayar kaina yadda ake saƙa su ba sai ranar.

Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ita ta zagaya da ni, Allah ya saka mata. Ta ɗora min ɗanyen zaren a hannu, kaushi kamar rama, ashe tsiron ɗan'uwan lalo ne da muke miya da shi! Daga yankin Bengal na Indiya ta wancan zamani ake lodo shi a jirgin ruwa har Dundee, sai an jiƙa shi da ruwa da man ƙaton kifin teku da ake kira wel kafin ya yi laushin da inji zai iya kaɗa shi. Da ta kunna inji guda ɗaya tak sai da na toshe kunne, to ina ga ɗaruruwa a zaure ɗaya, daga safe har dare, ga ƙura, shi ya sa da yawa suka kurmance har da hannu suke magana a bakin aiki.

Abin da ya fi burge ni ba su yi rufa-rufa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 mutum wajen 50,000 ke cin abinci a sana'ar, yawanci mata saboda kuɗinsu bai kai na maza ba, yara ma rabin yini makaranta rabin yini masaƙa, masu kamfani kuwa suna can sun gina manyan gidaje. Duk sun nuna. Har yadda masaƙun Kalkata ta Indiya suka ƙwace kasuwar.

Ginin tun 1833 yake, ya so zama kango hukumar ta saye shi a 1991, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1996, ɓangaren ginin da ake kira High Mill kuma sai 2015 aka gama gyaransa. Ina tsaye a ciki ina tuna masaƙun Kaduna da ke rufe, raina dai ba daɗi.

Na gode ƙwarai, musamman baba da ta jure tambayoyina har shayinta ya huce. Guntun zaren da kika ba ni yana cikin jakata, zan kai wa mahaifiyata in na je gida hutu.