Sanarwa kan shirin ɗora na'urorin sa ido a manyan birekoki masu katse wutar lantarki

Jama'a barkanmu da aiki. Kafin a nemi izinin kashe layi, kowa ya turo bayanin birekan da ke hannunsa: samfurinsa, shekarunsa, abin da ke motsa shi na sifirin ne ko na haidirolik, da wutar batirin tashar, DC 110V ce ko 220V. Wannan na ƙarshen kan jawo asara, domin na'urar da ba ta dace da batirin ba tana iya ƙonewa.

Za mu auna lokacin buɗewa da rufewa ta 52a da 52b (ƙananan makunnan da ke nuna ko birekan a buɗe yake ko a rufe), wutar koyil ɗin katsewa, daɗewar motar birekan wajen ɗana sifirin, sai iskar SF6 mai kashe tartsatsin wuta a cikin birekan. A SF6 ɗin, ma'aunin matsi zalla ba zai yi ba: matsi na sauka da sanyin dare, ƙararrawa ta yi ta kuka alhali babu yoyo. A sayo mai daidaita lissafinsa zuwa 20°C.

Kada kowa ya kwance wayar CT (taransifomar auna wutar da ke bin layi) yana ɗauke da lodi, wutar da za ta taso tana kisa. A yi amfani da CT mai maƙalawa a jikin waya ba sai an kwance ta ba.

Ranar haɗi a gwada birekan, a adana sakamakon, da shi za a riƙa kwatanta na gaba.