Gadar Sidni ta kusa shekara ɗari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan gadar ƙarfe ta tashar ruwan Sidni a Ostireliya, domin yadda aka gina ta abin dubawa ne ga injiniyoyinmu.

An fara aikin a 1923, aka buɗe ta ranar 19 ga Maris, 1932. Kamfanin Dorman Long na Ingila ne ya gina ta, injiniya John Bradfield yana sa ido. Bakan ƙarfen ya ratsa mita 503 ba ginshiƙi ko ɗaya cikin ruwa. Daga gaɓa biyu aka riƙa miƙo shi, an ɗaure kowane rabi ta baya da igiyoyin ƙarfe, har suka haɗu a tsakiya a Agustan 1930. Ƙusoshi kusan miliyan 6 ke riƙe da ita, kuma ma'aikata 16 suka rasa rayukansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin: kafin a bar mota ta hau, sai da aka jera kawunan jirgin ƙasa 96 a kanta. Bashin ginin kuwa sai 1988 aka gama biya.

Wassalam.
Mai karatunku daga Zariya