Mace-macen sankarar hanta: a riƙa duba kowace ƙasa daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Idan aka ce sankarar hanta ta kashe mutum wajen 830,000 a duniya a 2020, gaskiya ne, amma jimlar tana ɓoye inda cutar ke ja da baya da inda take ƙaruwa.

A Amurka, yawan mace-macen a cikin kowane mutum 100,000 'yan shekara 25 zuwa sama ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 daga 2000 zuwa 2016. Ciwon hanta nau'in C da mutane suka ɗauka tun shekaru da dama baya ne ya fara nuna kansa, ga ƙiba da giya. Taiwan kuwa ta soma yi wa jarirai rigakafin nau'in B a 1984, sankarar ta ragu ƙwarai a cikin yaranta. Mongoliya ce har yanzu kan gaba wajen yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan al'ummarta.

Abin da ake yawan mantawa, ƙwayar ciwon hanta nau'in B ko C kan yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye kafin ƙari ya fito. Saboda haka mamatan bana sakacin jiya ne. Kuma adadi kan hau don tsofaffi sun yawaita kawai, shi ya sa masana ke daidaita lissafin da shekaru.

A Afirka kudu da Sahara, nau'in B da gubar funfunar hatsi su ne tushen matsalar. Allurar farko ta rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa ake so, mai tsohon ciwon hanta kuma ya riƙa hoton ciki duk bayan wata shida.

Naka mai karatu.