A ba tsofaffin gine-ginen Maraɗi fili a rediyo

Zuwa ga shugaban sashen shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina da roƙo game da shirin nan naku da masu saurare ke bugo waya. Ba na raina abin da ake tattaunawa a ciki. Tsadar gero, ɗaukewar wuta, kwatar da ta toshe da damina, duk abubuwa ne da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Amma akwai wata asara da garin nan ke yi ba tare da kowa ya bugo waya a kanta ba: tsofaffin gine-ginenmu suna faɗuwa, wasu kuma ana rushe su da gangan.

Maraɗi ba ta da rarar da za ta yi sakaci da ita. Tsohon garin da Katsinawa suka kafa a bakin Gulbi bayan jihadi, ambaliyar 1945 ta ci mafi yawansa, aka hau da gari kan tudu. Ke nan abin da muke kira tsohon gini a yau, galibinsa na zamanin gujiya ne: magazoji, wato ɗakunan ajiyar kaya, da kantunan kamfanonin Turawa, wuraren da ake kafa sikeli, gidajen alhazan da suka yi arziki da wannan ciniki, da masana'antar man gujiya ta Siconiger wadda ta girmi 'yancin kan ƙasar. Da aka kafa SONARA, kamfanin cinikin gujiya na ƙasar Nijar, a 1962 cinikin ya koma hannun hukuma, sannan farin 1973 da 1974 ya karya noman. Gari ya juya ga kasuwancin iyaka da Najeriya, gine-ginen suka zama marayu. Yau yaro zai wuce su a kan kabu-kabu bai san cewa da kuɗin da ya fito daga cikinsu kakansa ya je Makka ba.

Ba na zargin magada. Idan mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya da yawa, hanya mafi sauƙi ta raba gado ita ce a sayar, wanda ya saya kuma shaguna yake so a bakin titi, ba soro ba. Ga kuma maganar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Duk mai fili a gari ya san darajarsa za ta ƙaru. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya. A ɗauki bangon ƙasa a lafta masa siminti, laima ta shige ta rasa mafita, bayan 'yan damunai simintin ya ɓalle ya tafi da rabin bangon. Maginan gargajiya sun san yaɓe da makuba, sun san yadda ake ɗora azara, amma wa ke tambayarsu?

A nan ne rediyo ke da abin da wani ba shi da shi. An yi rubutu a kan tarihin kasuwancin garin nan, har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi kan alhazan Maraɗi a 1986. Sai dai da Faransanci ne, kuma tsohon da ya yi dakon buhuna, ko wanda ya yi aikin jima a Sonitan, ba zai karanta ba. Amma yana da rediyo a gefen tabarmarsa, kuma in ka ba shi dama zai gaya maka wane ne ya gina kantin, wa ya riƙe sikeli, nawa ake biyan ɗan dako. Waɗannan mutane kullum raguwa suke yi.

Roƙona ku ware ko da rabin awa a mako. Kowane mako a ɗauki gini ɗaya, a faɗi inda yake, a buɗe layi. Wanda ba ya iya bugowa a aika masa ɗan jarida da na'urar ɗaukar murya. Kada kuma a share muryoyin bayan an watsa. A ba ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su adana, su fitar da jerin gine-ginen da suka cancanci kariya. Daga nan sai ku gayyato ma'aikatar magajin gari da wakilin fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, jama'a su tambaye su kai tsaye: kafin a ba da izinin rushewa, akwai mai zuwa ya duba? Ba duka za a ceta ba, kuma ba kowane kango ne tarihi ba. Amma magaza mai ƙwari ana iya mayar da ita wurin koyar da sana'a ko ɗakin karatu, mai ita ya ci gaba da karɓar hayarsa.

Agadas ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 saboda mutanenta ba su daina yaɓe masallacinsu ba. Mu ba ma neman wannan. Idan kun amince da shirin, ina da dattawa a unguwarmu da suka ce a shirye suke su fara magana.

Naka mai saurare,
daga unguwar Bagalam, Maraɗi