Sanarwa kan fumfunar gyaɗa da masara

Assalamu alaikum ƴan uwa manoma. Don Allah a daina turo hoton gyaɗa ana tambayar wace irin fumfuna ce. Ido ba ya rabe su. Mu dai koriya ko baƙa, duk fumfuna muke cewa, alhali dangin fumfunar da ake kira Aspergillus kaɗai iri ɗaruruwa ne. Masanan ma sun sha fama, kafin 2011 iri ɗaya kan ɗauki suna biyu. Ita Aspergillus flavus mai gubar aflatoksin, akwai jinsinta marar guba, da shi cibiyar binciken noma ta IITA ta haɗa Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage wannan guba. Suna ɗaya, hali daban, sai gwaji ke tantancewa.

Don haka duk buhun da ya yi fumfuna a ware shi. Kar a ba kaji, kar a kai Dawanau.