Yaya, Lafiyata Ƙalau, Wasiyya Kawai Na Rubuta

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Hajiya, kumburin ya saɓe? A gaida Gwaggo da su Kawu da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu. Maman Abba tana gaishe ku, yara suna makaranta.

Na zaɓi in rubuto ne saboda maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ina so ka ajiye takardar nan ka riƙa dubawa. Labari ya iso mini cewa Hajiya ta kwana tana kuka, wai Auta ya je ya ce mata na rubuta wasiyya, har maganar ta kai gidan Gwaggo cewa wani mugun ciwo nake ɓoye muku. Wallahi Yaya babu abin da ke damuna. Hawan jinin nan ne da ka sani, ina shan magani, aikin dare kuma na rage shi zuwa kwana huɗu a mako. Ka je da kanka ka zauna da ita, kar ka aiki kowa. Ka tuna mata hadisin Ibn Umar da Baba yake yawan ja mana, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ni shekara goma sha ɗaya na kwana ba tare da ita ba.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne wata rasuwa da aka yi mana a watan jiya. Wani bawan Allah ne ɗan Zariya da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa, direban tasi, bai ma kai ni shekaru ba. Ya sauke fasinja, ya tsaya a gefen titi, rai ya yi halinsa. Da yake mutuwar fuju'a ce sai da hukuma ta gama bincikenta kafin a ba mu gawa, muka yi karo-karo muka binne shi. Bayan kwana bakwai na raka liman gidansa. Mun tarar da matar a zaune a ƙasa ta zazzage wata jakar leda cike da takardu a kan kafet, na banki, na inshora, na haya, tana ɗauka tana ajiyewa, wayarsa tana gefe a kulle ba ta san lambar buɗewa ba. Banki ya rufe asusunsa tun ranar da aka sanar da su. Aurensu kuwa a masallaci aka ɗaura shi a nan, ba su je sun yi rajista ba, don haka dokar ƙasar nan ba ta san ta a matsayin matarsa ba a wajen gado. Ga 'yan'uwansa suna ta bugo waya daga gida suna tambayar abin da ya bari. Gidan da ya shekara takwas yana aika kuɗi ana gina masa, takardar da sunan ƙaninsa aka yi ta, ƙanin kuma ya ce shi bai san da wannan maganar ba. Daren nan ban runtsa ba.

Sai na nemi lauya, wata Musulma ce da ta saba da irin aikin. Ta ɗauko takarda ta zana mini yadda abin yake. A Ingila idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma yana da mata da 'ya'ya, matar ce za ta ɗauki kayan amfaninsa duka, da fam 322,000 na farko, sannan rabin abin da ya saura, ɗaya rabin na 'ya'ya. Ka san duk abin da na mallaka a nan bai kama ƙafar wannan kuɗi ba. Ke nan komai na Maman Abba ne, Hajiya ko sisi ba za ta samu ba. Uwa ba ta cikin lissafinsu muddin akwai mata ko 'ya'ya. Alhali Allah ya yanka mata sudusi a Suratun Nisa'i, matar kuma tumuni, sauran na yara, namiji rabon mata biyu. Idan aka kasa dukiyar gida 24, Hajiya tana da 4, Maman Abba tana da 3, 17 na Abba da ƙannensa mata biyu. Ban zargi Maman Abba da komai ba, kai ma shaida ne a kan halinta. Amma ba na son haƙƙin mahaifiyata ya rataya a kan kirkin wani, kuma ba na son in je kabari da dukiyar da aka raba ba bisa ƙa'ida ba alhali ina da damar gyarawa.

Sauƙin da aka samu shi ne dokarsu ta bar mutum ya rubuta yadda yake so a raba dukiyarsa, to sai na rubuta a bi rabon Musulunci. Sai dai suna da tsauri a kan yadda ake rubutawar, doka ce tun ta 1837. Dole ta kasance a rubuce, in sa hannu a gaban shaidu biyu a lokaci guda, su ma su sa nasu. Wanda ya yi shaida, ko matarsa, ba zai ci komai daga cikin wasiyyar ba, shi ya sa na ɗauki abokan aikina biyu. Saƙon murya a WhatsApp ba ya zama wasiyya a wurinsu. Lauyar ta kuma gargaɗe ni cewa akwai wata doka ta 1975 da ta ba mata damar zuwa kotu idan tana ganin ba a bar mata abin da zai riƙe ta ba. Saboda haka na tafi da Maman Abba zama na biyu, ta ji komai da kunnenta, ta ce ita abin da Allah ya ba ta ya ishe ta. Na gode mata. Gidan da muke biyan bashinsa da sunanmu mu biyu yake, kuma irin rajistar da muka yi, idan ɗaya ya mutu kai tsaye ya zama na ɗayan ko me wasiyya ta ce. Wannan ma muna kan gyara shi, a san rabin kowa. Kuɗin fansho takardarsa daban ce a wurin aiki, na cike ta.

Rabon yara shi ne ya fi cin lokaci. Wanda bai kai shekara 18 ba ba a damƙa masa dukiya a nan, sai a sa ta a amana, a naɗa mutanen da za su riƙe, su biya kuɗin karatu da sutura daga ciki har yaro ya kai. Na sa Maman Abba da limaminmu na biyu, mutum ne mai tsoron Allah, akanta ne kuma. Na rubuta wanda zai riƙe yaran su kansu idan ni da uwarsu muka tafi tare, don in ba a rubuta ba kotu ce za ta zaɓa, kuma ba lallai ta kai su gidan Musulmi ba. Wannan layin sai da na ajiye biro na fita waje na sha iska kafin in iya sa hannu.

Yanzu ga inda nake bukatarka, kuma ina roƙonka da girman Allah kar ka fassara ni wata fassara. Lauyar ta ce ƙasa da gini dokar inda suke ake bi, don haka filin Janguza da kangon da ke kansa ba su shiga takardar nan ba, sai an yi tasu a Kano. Ka san lokacin da aka saya ba na nan, aka rubuta takardar ciniki da sunanka, ni da kaina na ce a yi haka. Ba ina kwatanta ka da ƙanin wancan mamacin ba ne, Allah ya kiyaye. Kai ka sayar da babur ɗinka ka cika mini kuɗin jirgi, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Amma mutuwa ba ta bin layi. Idan kai ka riga ni, alƙali takarda zai duba, filin ya shiga gadon 'ya'yanka, su kuma yara ne ba su san yadda aka yi ba. Idan ni na riga ka, a bar ka da rantse-rantse a gaban mutane. Gara mu gyara tun muna numfashi.

Na turo fam 400 jiya ta hannun da muka saba. Kuɗin nan na takardar fili ne kaɗai. Ka samu lauya na gaske mai ofis, ban da 'yan tsaye a bakin kotu, ya rubuta takardar mayar da filin sunana, mai unguwa da shaidun cinikin farko su sa hannu tun suna raye, don na ji ɗaya ya tsufa sosai. Daga nan a kai ma'aikatar ƙasa a fara neman takardar mallaka ta gwamnati. Na san abin yana jan lokaci, a dai fara. Duk rasit ɗin da aka ba ka ka ɗauki hotonsa ka turo. Na Hajiya na wata-wata yana nan tafe daban ranar Juma'a, kar a haɗa su.

Shagon bakin titi kuwa na bar wa Hajiya shi kyauta, tun yanzu. Na tambayi malam, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai bayarwa ya mutu ta ɓaci, ta koma gado. Saboda haka ka ɗauki makullin ka damƙa mata a gaban mutum biyu, ɗan haya kuma daga watan gobe ita zai riƙa kai wa kuɗi, a rubuta a sa kwanan wata.

Sai maganar Auta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Bayan tayar wa Hajiya da hankali, an ce mini ya kai wani dillali ya zagaya filin, yana cewa ai na yayansa ne na Turai, ba zai dawo ba. Da izinin wa? Ka karɓe kwafin takardar da ke hannunsa yau ɗin nan, kar ya kai ta jingina wurin wani. Ka gaya masa ni na ce, in na sake jin ya taka wurin da baƙo, kuɗin makarantarsa na zango mai zuwa ya nemi mai biya. Ni a tsaye nake kwana ina ɗaga tsofaffi ina kwantarwa kafin in sami abin da yake gani kamar daga sama yake zubowa.

Amma kar ka yi masa a gaban Hajiya, kuma kar ka kai hannu. Yana da shekara tara na bar gida, Baba ya rasu yana aji uku na sakandare, ni ban zo ko jana'iza ba saboda takarduna ba su fito ba a lokacin. Wani lokaci in na tashi yi masa faɗa sai in ji nauyi, in ce da wane bakin. A cikin sulusin da shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da shi na sa masa abin da zai ƙarasa karatu. Tunda ina da ɗa namiji, ku 'yan'uwa ba magada ba ne, don haka ya halatta. Kai ma na sa ka, kar ka ce komai a kai. Sauran na rijiya ne a ƙauye da ladan ya je wa Baba. Auta kar ya san da wannan.

Gonar Baba ma shekara bakwai ke nan ba a raba ba, kowa yana jin kunyar ya fara magana. A cikin magada mutum ɗaya ya riga ya rasu ya bar marayu, lissafi ya fara ninkuwa. Ka samu Kawu bayan an gama girbi a kira malamin da ya san fara'ila, wato ilimin rabon gado, ko a je kotu alƙali ya raba, kowa ya san iyakarsa, musamman su mata da ba sa iya buɗe baki. Nawa kason a bar wa Hajiya tana cin amfaninsa, amma a rubuta cewa nawa ne.

Ka rubuta waɗannan ma a littafinka, don bashi ake fara biya kafin wasiyya da gado. Kawu yana bina kuɗin buhu shida na masara tun shekarar da aka yi rufin ɗakin Hajiya, an ce ya yafe amma ban ji daga bakinsa ba, ka tambaye shi a keɓe. Mai shaddar nan na Kantin Kwari ni nake binsa ragowar kuɗin kaya, ya san adadin. A nan ina cikin adashi na mutum goma, na riga na ɗauka, saura zubi huɗu a kaina, Maman Abba ta sani.

Abu na ƙarshe da na rubuta, wanda na san ba zai yi wa Hajiya daɗi ba, shi ne in ta Allah ta kasance a nan, a binne ni a nan. Akwai maƙabartar Musulmi, akwai masu wanka da sallah. Ɗauko gawa zuwa gida dubban fam ne da jiran kwanaki, kuɗin marayu ne zai tafi. Wannan kar ka gaya mata yanzu, ka bari in na zo da babbar sallah in sha Allahu ni zan faɗa mata da bakina.

Kar ka manta, fam 400 ɗin na takardar fili ne, ko biki ko suna ya taso kar a taɓa. Ka karɓe kwafin nan daga hannun Auta. In ka je wurin Hajiya ka kira ni ta bidiyo da misalin ƙarfe biyar na yamma agogonku, lokacin na tashi daga barci, ta gan ni da idonta. Maganin ƙafarta da man shafawa suna hannun wani ɗan unguwarmu da zai sauka Kano ranar Laraba, zan turo maka lambarsa.

Naka ƙani,
Baban Abba