Fyaɗe a fina-finan Turawa: ina labarin wadda aka yi wa?

Assalamu alaikum Edita,

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma shirinku na fina-finai ba ya wuce ni. A makon jiya baƙonku ya yaba wa fina-finan Amurka cewa ba sa ɓoye gaskiya, har fyaɗe suna nunawa yadda yake. Maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da suke nunawa da abin da nake gani a wurin aiki, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Sau tari ba labarin macen ake bayarwa ba. Marubuci ne ke neman abin da zai tunzura jarumi, sai ya sa a keta haddin matarsa ko 'yarsa. A Death Wish na 1974 'yan daba sun shiga gida, suka kashe uwa, suka ci zarafin 'yarta. Yarinyar ta daina magana, aka kai ta gidan jinya, shi ke nan an gama da ita. Sauran fim ɗin na Charles Bronson ne, wanda ya fito a matsayin ubanta, da bindigarsa a titunan New York.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Game of Thrones. A 2015, a zango na biyar, aka nuna an yi wa Sansa, ɗaya daga cikin manyan jaruman shirin, fyaɗe a daren aurenta, alhali a littafin wata yarinya daban ce abin ya faɗa wa. Ana cikin haka kyamara ta bar ta, ta koma kan fuskar wani namiji da aka tilasta wa kallo, mu tausaya masa. A zangon ƙarshe, 2019, aka sa mata a baki cewa ba don azabar da ta sha ba da ba ta zama abin da ta zama ba, wato wai azabar ce ta ƙara mata ƙarfi. Haba Edita! Na zauna da yarinya 'yar shekara 13 da abin ya same ta. Wata uku bayan nan, in ta ji takun namiji a baranda sai ta ƙanƙame mayafin uwarta. Ba ta yarda a rufe ƙofa, abinci sai da lallashi. Uwar kuma abin da take maimaitawa ƙasa-ƙasa shi ne, "Sista, don Allah a rufa mana asiri." Wane ƙarfi ke cikin wannan?

Bayan kyamara ma akwai ta'asa. Maria Schneider tana da shekara 19 lokacin da ta yi Last Tango in Paris na 1972 tare da Marlon Brando. Daga baya darakta Bernardo Bertolucci ya amsa da bakinsa cewa sun ɓoye mata wani ɓangare na fitowar cin zarafin, don yana son wulaƙancin da za ta ji ya zama na gaske. Ita kanta ta ce hawayen da aka gani nata ne na zahiri.

Ban ce a daina taɓo maganar fyaɗe ba, shirun ma yana cikin abin da ke cutar da mu. The Accused na 1988, wanda Jodie Foster ta ci lambar yabo ta Oscar da shi, ya bi matar da aka yi wa fyaɗe har kotu, inda aka riƙa tuhumar shigarta da abin da ta sha. Can labarin nata ne.

Fina-finan nan suna cikin wayoyin yaranmu, daga shagon masu turi, wasu har da fassarar Hausa. Ranar nan na tarar da ƙanena da abokansa a zaure sun yi cincirindo kan waya ɗaya. Da aka zo irin wannan wuri, ɗaya ya buga cinya ya ce, "Yauwa, yanzu bos ya janyo wa kansa!" Duk suka gyara zama suna jiran ramuwa. Har fim ya ƙare ban ji wanda ya tambayi ina yarinyar ba.

Ina roƙon in za ku sake tattauna batun, ku haɗa baƙon naku da likita ko ma'aikaciyar jinya da ta taɓa karɓar irin waɗannan yara da tsakar dare.

Taku mai sauraro,
daga Zariya